Alamar Kunne da Ƙirji a Gonar Dankali

Shekara tara na yi a kasuwar hatsi ta Funtua ina bin kawuna Alhaji Sale, dillali, kuma babban abin da na fito da shi daga wurinsa shi ne kallon hannun mutane. Kawu ba ya sauraron baki. Yakan ce baki na kowa ne, hannu ne ke faɗin abin da ke ciki. In manomi ya sauke buhunansa ana ciniki, Kawu zai tsaya a bayansa yana ta sa masa albarka, sai ya ɗan taɓa kunne. Mai saye ya gane ke nan, wannan bai san farashin yau ba. In ya gyara hula, ma'anarta kada ka ƙara, ya gaji, zai sallama. Ni ma na iya, har na fi Kawu tsabtar hannu. Akwai wani dattijo Bamaguje daga wajen Ƙarfi, Nomau, da yake kawo mana dawa duk kaka, kuma bai taɓa zuwa bai riƙo mini ƙunshin gyaɗa ba. Ina cin gyaɗarsa ina taɓa kunne a bayansa. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin idon da na tafi da shi ƙasar Japan.

Zangona na farko wata masana'anta ce ta wanke kayan lambu a bayan wani babban birni. A takarda an ce noma za mu koya. Mutumin da ya tarbe mu, wanda shi ne dillalin aikin, ya rusuna mana har sau uku, ya karɓi jakata da hannunsa, ya yi murmushin da ban taɓa ganin mai daɗinsa ba. Wata huɗu na yi ina wanke albasa mai ganye a cikin ruwan sanyi, ban taka ƙasar gona ba ko sau ɗaya. Duk ran da na tambaye shi sai ya rusuna ya ce a yi haƙuri, wata mai zuwa. Shugaban wurin kuwa rayuwarsa duka a agogo take. Ran da ya same ni ina sallar la'asar a kan kwali a bayan inji bai yi faɗa ba. Ya jira na sallame, ya nuna mini agogo, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Ƙarshen watan aka ce ban dace da aikin ba. Na fita daga wurin da darasi biyu, cewa rusunawa ba mutunci ba ce, kuma salla a ƙasar nan a ɓoye ake yin ta.

A wannan birnin na haɗu da Lawandi, ɗan Musawa. Wata Lahadi ina kanti ina juya kwalin madara, na ji wani a bayana yana cewa, "Wannan tsada sai ka ce daga jikin zaki aka tatso ta." Na juya, muka tsaya muna kallon juna. Ranar ya kai ni ɗakinsa ya tuƙa mana tuwon masara da miyar kuka har da daddawa, na ci ina share hanci ina cewa yaji ne. Lawandi ya riga ni zuwa da shekaru. Shi ma da takardar koyon aiki ya shigo, ya gudu daga inda aka ajiye shi, yanzu yana wani fili da ake farfasa tsofaffin motoci kusa da teku. Ba shi da takardar zama. In ya ji jiniyar mota sai ya katse magana. Mahaifiyarsa ta rasu yana nan, a waya ya karɓi gaisuwa, don in ya kai kansa filin jirgi sai an tsare shi kafin a koro shi, kuma ba zai sake shigowa ba. Duk da haka maganarsa kullum ɗaya ce, gara ka gudu da ƙafarka da a ɗora ka a jirgi hannu rabbana.

Zango na biyu wani ƙauye ne tsakanin duwatsu, inda motar haya ke wucewa sau uku a yini. An danƙa ni ga wani tsoho da matarsa, masu gonar dankali da kabeji, aka gaya mini in nan ma aka ce ban dace ba, gida ne. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu nawa. Tsohon ba ya rabuwa da wata koɗaɗɗiyar hula irin wadda muke ce wa hana-salla, na kira shi Baba Mai-hula. Matar 'yar ƙarama ce, bayanta ya ranƙwafa, na kira ta Gwaggo. 'Ya'yansu duk sun tafi birni. Su kuwa sunana ya zo daidai bakinsu, Mamuda, ba su taɓa karya shi ba.

Washegarin zuwana na tarar da kwano a bakin ƙofa, shinkafa da kifi, an liƙa 'yar takarda a murfin, an zana alade an soke shi da jan biro. Wani zai ce Allah ya saka da alheri. Ni na zauna ina juya kwanon ina cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Na ci dai, don yunwa ba ruwanta da zargi, amma na ci ina jiran ranar da zan ji dalili.

Na zo ne a farkon haƙar dankali. Dankalin irin namu ne mai jan ɓawo. Baba Mai-hula yana gaba a kan ƙaramar tarakta mai tone kunya, ni ina biye ina tsincewa ina jerawa a akwatunan roba, Gwaggo tana bakin gona a kan 'yar kujera tana ware manya da ƙanana, don bayanta ba ya barinta ta daɗe a sunkuye. Dankalin da aka tone ba ya son ya daɗe a rana, ba ya son ruwa, ba ya son a jefa shi, ƙwarzane kaɗan sai darajarsa ta faɗi. Tarakta na da ƙara, tsohon kuma kunnensa ya yi nauyi, saboda haka da hannu suke magana. Cikin mako biyu na karance su. Taɓa hula, a kawo mota. Taɓa hanci, a huta a sha shayi. Dafa kafaɗa, akwatuna sun ƙare. Ban nuna na gane ba, don dillali ba ya nuna ya gane.

Alama ɗaya ce ta gagare ni. Duk la'asar nakan dafe ciki, in ɓata fuska, in nuna bayan rumfar ajiya kamar mai zuwa kewayawa. Can na ɓoye gorar ruwa da tsohon buhu, in yi alwala in yi sallata a gurguje, Allah dai ya yafe. Wata rana kafin in sha kwana na waiwaya, sai na ga Baba Mai-hula ya juyo a kan tarakta, ya kalli matarsa, ya taɓa kunne, ya shafa ƙirji. Nan take tsohuwar ta tashi daga kujera ta nufi kunyata. Na leƙa ta tsagar katako, ga ta a sunkuye a kan akwatunana. Kafin in dawo ta koma mazauninta kamar ba ita ba. Washegari haka, jibi haka. Ba a taɓa yin alamar nan ina kallo ba, sai na ba da baya. Har na lura akwatin kan ƙaru kafin in dawo. Na ce biri ya yi kama da mutum, ruɓaɓɓu ake cusa mini a ƙasa don ran da za a tashi korata a sami abin nunawa.

Ran Juma'a na kira Kawu. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, mutanen nan suna magana da hannu a bayana."

"Mi suka taɓa?"

"Kunne. Daga nan sai ƙirji."

Ina jin hayaniyar kasuwa ta bayansa, da ƙarar keke napep, da muryar wani yana kiran a kawo ma'auni. Kaka ce a gida, lokacin da hanyar Malumfashi ke cika da motocin masara da auduga, ni kuwa ina nan ina tsintar dankalin wasu.

"Ƙirjin ban san shi ba," in ji Kawu, "amma kunne ai kai ma ka san shi. Wa ke tsaye a tsakiya in ana yi?"

"Ni ne, Kawu."

"To kai ne buhun, ɗana. Ka buɗe idonka."

A cikin wannan hali ne ƙwallon kulki ta shigo rayuwata. Su besbol suke ce mata, ko wani suna nasu, ni na sa mata ƙwallon kulki. Ana gab da sanyi aka fara wasannin ƙarshe na babban kofi a can Amurka, ƙungiya biyu, wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ita ce da kofi. A ɗaya daga cikinsu akwai ɗan ƙasarsu, saboda haka ƙauyen gaba ɗaya ya rikice. Da yake akwai ratar lokaci, da hantsi ake nuna wasan a wurinmu. Baba Mai-hula, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna kafin lokaci ba, ya kinkimo talabijin ya kafa a rumfar ajiya. Shayin ƙarfe goma na minti goma sha biyar ya koma na sa'a guda. Ya tura mini akwati ya nuna in zauna. Na zauna kusa da ƙofa.

Abin da na fahimta bai da yawa. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo ƙarama kamar lemo, wani yana jiransa da kulki. In ya doke ta, sai ya ruga ya bi wasu matasai uku, irin matashin kai, da aka ajiye a fili, ya taka kowanne, ya dawo inda ya tashi, an sha ɗaya ke nan, kamar ruwa a wasan langa. In ƙwallo ta riga shi isa matashin, ya fita. Sauran lokacin tsayuwa ce da tauna da tofar da yawu. Na ce bari in zaɓi ɓangare don kada barci ya ɗauke ni, na zaɓi masu farar riga. Sai a wasa na uku na gane duk wanda ake yi a gidansa shi ke sa fara, ashe na goyi bayan kowa. Baba Mai-hula ya yi dariya har da tari da na yi masa bayani ta waya, don muna da wayar da ke juya magana daga harshe zuwa harshe, ko da yake rabin abin da take fitarwa sai an yi mata uzuri.

Amma ni ba ƙwallo nake kallo ba. A gefen fili akwai wani ƙaton mutum da ba ya jifa ba ya duka, aikinsa kawai ya taɓa hanci, ya taɓa hula, ya shafa hannu, ya ja bel. Mai kulki kuwa sai ya dube shi kafin ya tsaya. In mai jifa da abokinsa za su yi magana, sai su rufe baki da safar fata. Na ce a raina wannan ba wasa ba ne, kasuwa ce, kuma an gama cinikin tun kafin a tara mutane. Na tausaya wa dubban da ke ihu a kujeru, na ga duk Nomau ne. A jikin bangon rumfar akwai wani tsohon hoto, Baba Mai-hula yana da sauran ƙarfi, tsaye da wasu matasa masu kulake. Ashe ya daɗe yana horar da ƙungiyar ƙauyen. Nan na gane inda ya samo maganar hannu, kuma hakan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan.

Duk da haka wasan yana da ɗan maganaɗisu. Ran da ɗan ƙasarsu ya doka ƙwallo ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, na tsinci kaina a tsaye. Gwaggo ta miƙo mini gasasshen dankali mai zafi tana tafi da gefen hannu. Ƙamshinsa ya kai ni bakin tasha a Malumfashi, wurin masu gasa masara. Na karɓa, na zauna, na tuna wa kaina cewa dillalin aiki ma ya iya murmushi.

Ana wasa biyu da biyu sai ga wata mata da baƙar jaka daga ofishin da ke kula da mu masu koyon aiki. Suka shiga gida da tsohon, suka daɗe. Ta taga na ga yana buga hatiminsa a takardu. Da ta fito ta rusuna mini ta yi murmushi, irin dai wancan murmushin. Da la'asar na dafe ciki na tafi, amma ban yi alwala ba, na tsaya a tsagar katako. Kunne, ƙirji. Tsohuwa ta tashi. Na bari sai da ta sunkuya, na fito da sauri na fizge akwatin daga hannunta, na kife shi a ƙasa. Na kife na biyu, na kife na uku. Ina tonawa da ƙafa ina cewa da Hausa, "Ina ruɓaɓɓun? Nuna mini abin da kika zuba." Babu ko ɗaya. Duk lafiyayyu ne, sai dai yanzu da yawa sun ƙwarzane. Tarakta ta tsaya. Gwaggo ta durƙusa da kyar ta fara tsincewa ɗaya bayan ɗaya tana share musu ƙasa da hannun riga. Na ji kunya, gaskiya na ji, amma zargi ya fi kunyar ƙarfi. Na ce yau dai ban ba ta lokacin zubawa ba ne.

Da yamma na kira Lawandi na gaya masa komai.

"Hatimi ka gani da idonka?" in ji shi.

"Da idona."

"Mutumina, takardar sallama ce. Haka suka so yi mini. Ba za su faɗa maka ba sai motar ta zo ƙofa. Ga shi kuma ka kife musu kaya, ai ka ba su igiyar da za su ɗaure ka. Ka taho kawai, akwai wurin kwana, akwai aiki."

"In na zo, takardata ta mutu ke nan."

"Ta riga ta mutu, kai ne ba a yi wa ta'aziyya ba."

"Matata Binta na da ciki, Lawandi. In na zama kamarka, yaushe zan ga abin da za ta haifa?"

Na taɓa masa inda ke ciwo, amma ya ce, "In aka kore ka za ka gan shi, sai dai da mi za ka ciyar da shi? Ka zaɓa. Yaushe ne hankalinsu ba ya kanka?"

Amsar a fili take. In wasan ya kai na bakwai, ko gobara aka yi ba za su waiwaya ba. Motar haya tana wucewa ƙarfe sha ɗaya da rabi. Kwana uku na yi ina bin wasan kamar wanda ya sa gonarsa a caca, ba don ina son kowa ba, sai don ina so a yi uku da uku. Aka kuwa yi. Ana gobe wasan ƙarshe na haɗa jakata, fasfo da tufafi da hoton Binta, na kai ta cikin ciyawa a magudanar ruwa kusa da inda motar ke tsayawa. Kafin gari ya waye aka ɗan yi yayyafi, na kwana ina tunanin fasfona.

Da sassafe tsohon ya tone kunya shida, don an ce da rana za a yi ruwa mai yawa, yana so a kwashe kafin nan. Mun kwashe biyu aka fara wasa. Ya nuna da yatsa cewa kaɗan za mu kalla mu dawo. Kaɗan ɗin ya zama sa'a biyu. An yi kunnen doki, kowa ya kasa wuce kowa. Dankali na can a shimfiɗe a ƙasa, hadari yana haɗuwa a kan duwatsu, tsofaffin nan biyu sun manta da duniya. Ina zaune kusa da ƙofa ina satar kallon agogo. Sha ɗaya da minti goma.

Sai wani daga ɓangaren ɗan ƙasarsu ya samu ya taka matashi na farko. Baba Mai-hula ya miƙe tsaye. Ya manta shekarunsa, ya manta cewa teku ce tsakaninsa da filin. Ya fuskanci talabijin kamar mai kulkin yana ganinsa, ya taɓa kunne, ya shafa ƙirji. Ya sake yi, har sau uku.

Alamata ce, ga ta a gabana a karo na farko, kuma ba ni aka ba baya ba. Na zuba wa talabijin ido in ga wa za a cuta. Mai kulkin ya ƙi ɗaga kulkinsa. Ya riƙe shi a kwance, ya ɗan tare ƙwallon ta gangara gabansa kaɗan, ya ruga alhali kowa ya san ba zai kai ba. Aka fitar da shi cikin sauƙi. Amma kafin a gama da shi, ɗan'uwansa ya tashi daga matashi na farko ya isa na biyu. Wanda aka fitar ya koma mazauni abokansa suna bubbuga masa baya. Tsohon ya zauna yana gyaɗa kai.

Na ciro waya, na yi alamar a jikina, na tambayi ma'anarta. Tsohon ya amsa idonsa na kan wasa. Wayar ta ce, "Mutum ɗaya ya yarda a fitar da shi don ɗan'uwansa ya matsa gaba. Alamar ƙungiyarmu ce ta dā."

Na ce, "To me ya sa kake yi wa Gwaggo ita duk ran da na tafi bayan rumfa?"

Da wayar ta faɗi maganata da harshensu, sai ya juyo. Ya cire hular nan, ranar na fara ganin sanƙonsa. Ya kalli matarsa, ita kuma ta kalli hannuwanta. Ita ce ta jawo wayar kusa da bakinta, ta yi magana a hankali.

"Kana zuwa gaida Ubangijinka. Mun gani tun makon farko. Ina tsince kunyarka don kada ka yi sauri."

Na ce, "Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Ka ce cikinka ne. Ba mu so ka ji kunya, sai muka bar shi a ciki."

Wata biyu. Kullum la'asar tsohuwar da ba ta iya sunkuyawa tana tashi ta sunkuya a kunyata, ta koma kujera da sauri kafin in dawo don kada in gane. Ita na fizge wa akwati. Na duba fuskokinsu ina neman inda ƙaryar take, don hali zanen dutse ne, ban sami komai ba. Abin da na gani kawai shi ne ni na zo da kasuwar Funtua a cikin kaina, na kuma ba kowa matsayin da na saba tsayawa. Ban san yadda ake neman gafara da harshensu ba, kuma na san wayar za ta ɓata shi.

A talabijin an fara ihu, wanda ke matashi na biyu yana shirin rugawa. Agogo ya ce sha ɗaya da ashirin. Tsohon ya leƙa sama ta ƙofa, ya ga hadari, ya dafa gwiwa zai tashi, idonsa rabi a waje rabi a wasa. Gwaggo ma ta laluba safar hannunta. Na riga su miƙewa. Na tsaya a bakin ƙofa daidai lokacin da na shirya fita tun kwana uku, na jira sai da suka dube ni su biyun. Na taɓa kunne, na shafa ƙirji, na nuna musu su zauna.

Ina kan kunya ta uku motar haya ta zo. Na ji ta tsaya, na ji ƙofarta ta buɗe ta jira, na ji ta rufe ta tafi. Ban ɗaga kai ba. Wayata ta yi ta ruri a aljihu, na san Lawandi ne. Daga rumfa ina jiyo muryar tsohon tana tashi tana sauka, wani lokaci kamar murna, wani lokaci kamar an taka shi. Na kwashe akwati na ƙarshe ɗigon farko yana sauka a wuyana.

Takardar da matar nan ta kawo, daga baya na ji, ta ƙarin wa'adi ce. Tsohon ne ya nema, kuma bai janye ba bayan abin da na yi. Na ƙarasa lokacina, na dawo gida da ƙafata ta ƙofar da na fita, na tarar da ɗiyata tana rarrafe. Lawandi yana can har yanzu, muna gaisawa. Da kaka ta zagayo na je Ƙarfi neman Nomau, aka nuna mini kabarinsa. Ɗansa na samu, na zauna na faɗa masa abin da taɓa kunne yake nufi a kasuwa, da gyara hula, da sauran duka. Kawu ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Mutane kan tambaye ni, tunda na yi zama inda ake ƙwallon kulki, wa ya ɗauki kofin a shekarar. An gaya mini, na manta, don ban ga ƙarshen wasan ba. Abin da ban manta ba shi ne abin da na tarar da yammar ranar, da ruwa ya tsagaita na lallaɓa magudana in ɗauko jakata kafin wani ya gani. Tana nan inda na ajiye ta, a bushe. An ɗora ta a kan akwatin dankali, an lulluɓe ta da farar leda irin wadda muke rufe kabeji, an danne gefe huɗu da duwatsu. Tun kafin yayyafin daren jiya aka yi aikin, don ƙasan akwatin ma a bushe yake. Na ɗauko ta na bi ta gaban gidansu, Gwaggo tana ƙofa tana wanke safa, ta ga jakar, ta taɓa hanci, wato in shigo in sha shayi.